Abin da ya faru daren Talata a gindin darbejiya: 'yan sintiri ke da hukunci ko hukuma?

Malam Iro Mai Shago:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyu ke nan ina juya maganar nan a raina, na ga shirun ba zai yi ba. Daren Talata da wajen ƙarfe 2 'yan sintirinmu sun kama wani yaro a bayan gari da akuya a kafaɗa. Ban ce bai yi sata ba. Amma da na fito sallar asuba na tarar da shi ɗaure a jikin darbejiyar bakin masallaci da igiyar guga, ba riga, cikin wannan hunturun. Hannuwansa sun kumbura har igiyar ta nutse a fata, jini ya bushe masa a kunne. Shekarunsa ba za su wuce 17 ba, kuma duk wanda ke zauren nan ya san gidansu. Ina cikin waɗanda suka yi tsayuwar daka aka kafa sintirin nan bara, kuma ban taɓa fashin biyan naira 500 ta wata ba. Tambayata ita ce: mun kafa su ne su tsare gari, ko mun kafa kotu ne a gindin bishiya?

Maman Fa'iza:
Wa alaikumus salam. Malam Iro, akuyar nan tawa ce, don haka bari in fara. Tun daga damina zuwa yau awaki 4 aka kwance min. Kuɗin adashe na tara na saye su, da niyyar idan auren Fa'iza ya tashi in sayar in yi mata kayan ɗaki. Yanzu saura 2, kuma wallahi a cikin ɗakina nake ɗaure su da dare, a ƙafar gado. Da warin fitsarinsu nake kwana, kullum da safe sai na wanke daɓe na shanya tabarma. Da aka sace ta farko babansu ya je caji ofis, aka ce ya kawo kuɗin man mota da kuɗin takarda. Da ya lissafa ya ga sun kusa rabin kuɗin akuyar, sai ya dawo gida. To wa za mu kai wa kuka in ba waɗannan bayin Allah da suke hana idonsu barci ba? Ban ji daɗin ganin jinin yaron ba, uwarsa ƙawata ce tun muna 'yan mata. Amma kada a manta da ni a cikin tausayin.

Ɗan Acaɓa:
Inna, kin gama magana. Kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni da aka ɗauke min babur a zaurenmu ina kan biyan bashinsa, wa ya tausaya min? Har yau mai babur ɗin yana bina naira 180,000. Da tun farko ana yi musu irin na ranar Talata da ba a kai haka ba.

Shugaban 'Yan Sintiri:
Malam Iro, kai babba ne a wurina, kuma na san ba da mugun nufi ka yi maganar ba. Amma bari jama'a su ji yadda muke aiki. Mu 14 ne, muna raba dare biyu, 7 daga bayan isha'i zuwa ƙarfe 1, sauran su kai asuba. Tocila 3 gare mu, ɗaya sai an bubbuga ta take kamawa. Makaminmu gora da usur, sai Kawu da yake da bindigar toka ta farauta. Da gari ya waye kowa gonarsa ko sana'arsa zai tafi, ba wanda yake biyanmu albashi.

Za ku ce me ya sa ba mu kai shi wurin 'yan sanda ba. Da wane abin hawa? Ƙarfe 2 na dare wa zai hau waccan hanyar ta bakin rafi? Sannan ku tuna wanda muka kama da batirin solar masallaci a watan azumi. Mun kai shi da hannunmu ba mu taɓa lafiyarsa ba. Kafin la'asar ya riga mu dawowa gari, ya zo har ƙofar gidana yana cewa ya san inda matata take ɗebo ruwa. Yaran da nake jagoranta sun ga wannan da idonsu. Ranar Talata ban ba da umarnin duka ba, ina ɓangaren gabas lokacin, amma ban kwance shi da na iso ba. Wannan na amsa laifina ne.

Malam Iro Mai Shago:
Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya. Ban raina wahalarku ba ko kaɗan. Ni ne nake ba ku ruwan shayi idan kun biyo ta shago, na san yadda hannuwanku suke ƙanƙara.

Malama Ta Asibiti:
Ni aka kawo wa yaron da safe. Ba zan faɗi sirrin mara lafiya a zaure ba, amma zan ce wani abu don ya zama ilimi. Ɗaure mutum tamau na awanni yana hana jini gudana, yana iya kashe jijiyar hannu ya shanye har abada. Dukan cinya da gadon baya da gora kuma, wanda mutane suke ganin ba komai ba ne tunda ba a fasa kai ba, yana iya lalata tsoka har ya taɓa ƙoda. Mutum zai tashi da ƙafarsa ya tafi gida, bayan kwana biyu fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, daga nan sai babban asibiti. Da abin ya zo da ƙarar kwana, yau maganar kisan kai muke yi, kuma yaran da suka taimaki gari su ne za su kwana a gidan yari.

Abu na biyu, a duba maganar ƙwaya. Tun 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, amma tiramol da sauran tarkace suna nan a hannun masu tallar magani a kwali ranar kasuwa. Yaron da zai ɗauki akuya a kafaɗa cikin dare a garin da kowa ya san fuskarsa, ku tambayi abin da ya sha.

Baba Saje Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Shekara 35 na yi cikin kaki, don haka ba zan ce muku 'yan sanda mala'iku ba ne. Kuɗin mai da aka nema a wurin mijin Maman Fa'iza ba ya cikin doka, haka ma kuɗin beli. A bangon ofis ma rubutawa ake yi cewa beli kyauta ne. Amma ku san halin da ake ciki: 'yan sandan ƙasar nan kaf kimanin 370,000 ne a kan mutum sama da miliyan 200, kuma da yawansu suna gadin manya a birane. Ƙaramin ofis na ƙauye za ka tarar da mutum huɗu ko biyar, ba mota, wani lokacin ko fitila babu.

Lokacin da muke yara akwai 'yan doka da dogarai a ƙarƙashin En'e. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san wane ɗan wane ne. A zamanin mulkin Gowon aka rushe su aka haɗe komai a hannun tarayya. Kuma kada yaran yanzu su ɗauka lokacin aljanna ne, an rushe su ne har da dalilin yadda aka yi amfani da su wajen cin zarafin 'yan adawa, ku tambayi tsofaffin 'yan jam'iyyar NEPU. Abin da ya fi amfani a wancan tsarin ba kulki ba ne. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, abin da ya fi ƙarfin dagaci ya tafi wurin hakimi. Yau mutum zai sauki baƙo wata guda ba wanda ya san daga ina ya fito.

Game da wanda aka saki kafin la'asar, ɗana Shugaba, in tambaye ka: da kuka kai shi, wa ya tsaya ya ba da bayani a rubuce? Kun kai batirin a matsayin shaida, ko kun mayar masallaci?

Shugaban 'Yan Sintiri:
Baba, batirin mun mayar masallaci saboda tarawihi. Bayani kuma na baki muka yi muka juyo, kowa yana sauri ya tafi aiki.

Baba Saje Mai Ritaya:
To ka ji inda gizo yake saƙar. Ba mai ƙara, ba kayan shaida, ba mai shaida a rubuce. Ko ɗan sanda mai tsoron Allah ne ba shi da abin da zai kai gaban alƙali, balle wanda yake neman hanya. Ba ina wanke su ba ne, amma mu ma mu toshe tamu ƙofar.

Ɗalibin Shari'a:
Baba ya yi bayani, ni ƙari kawai zan yi da izininku. Doka ta yarda mutumin da ba jami'i ba ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Wannan yana cikin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da kuma dokar 'yan sanda ta 2020. Kamu ya halatta, tsarewa ta ɗan lokaci don kada ya gudu ta halatta, hukunci ne bai halatta ba. Su ma 'yan sandan sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ɗaure su: idan akwai kotu a cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne su gurfanar da mutum, in babu kwana biyu. Kuma dokar 2020 ɗin ta hana kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, abin da ake yawan yi wa mutanenmu saboda ba su sani ba.

Dokar ta kuma tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da al'umma har matakin ofishin yanki. Akwai kuma kwamitin hulɗa da jama'a, PCRC, da yake nan tun 1984. Wa yake wakiltar garinmu a ciki? Ni dai ban san kowa ba. Idan DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yanki, ya san fuskar mutum biyu daga cikin dattawanmu, ya san suna bibiyar kowace ƙara, sakin ɓarawo kafin la'asar zai yi wuya.

Ɗan Acaɓa:
Yaya, duk wannan a takarda ne. A 2020 ba an ce an ware naira biliyan 13 don 'yan sandan al'umma ba? An ɗauki kuratan sa-kai an ba su kaki. Ina suke yanzu? Na garinmu ɗaya ya koma sayar da rake.

Ɗalibin Shari'a:
Gaskiya ne an ware, kuma tsarin bai yi ƙarko ba saboda aikin ba albashi. Amma rashin aikin gwamnati ba zai zama hujjarka a gaban alƙali ba ranar da wani ya mutu a hannunka.

Ɗan Ruga:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na yi ta karantawa ina shakkar sa baki, amma tunda an sa ni a zauren bari in faɗi nawa. Kakana a rugar nan ta bayan rafi aka haife shi. Makarantar firamare ɗaya muka yi da yawancinku. Amma watan jiya ƙanena yana dawowa daga caji waya da magariba, 'yan sintiri suka tare shi a bakin gari, suka sa shi tsallen kwaɗo, suka karɓe sandarsa, suna tambayarsa wa ya aiko shi. Wanda ya fi matsa masa ajinsu ɗaya. Ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Mu ma ana yi mana sata. Bara an kore mana shanu 3, mun bi sawu har kusa da titi ya ɓace, Juma'a biyu muna zuwa kasuwar Wudil muna dube-dube ba mu gan su ba. Ba mu zo mun ɗaure kowa ba. Kuma mu ne muke kwana a daji, duk baƙon da ya ratso ta burtali mu muke fara ganinsa. Amma ba a taɓa kiranmu taron sintiri ba, kuɗin wata kawai ake zuwa karɓa.

Ku dubi Zamfara. Kowa ya san satar shanu ce farkon abin, aka kafa 'yan sa-kai don maganinta, sai wasunsu suka koma kashe duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa ba bincike. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe wasu suka shiga daji. Ba ina kare 'yan bindiga ba ne, Allah ya isa tsakaninmu da su, sun fi cutar da mu fiye da kowa. Amma wutar da take ci yanzu har ta fara lasar Shanono da Tsanyawa, da ƙaramar ƙyastu ta fara.

Malam Iro Mai Shago:
Subhanallah. Wallahi ban san an yi wa ƙanenka haka ba. Ka ba shi haƙuri, ka ba Ardo haƙuri. Wannan ya fi na ranar Talata tayar min da hankali, domin shi bai ɗauki kayan kowa ba.

Shugaban 'Yan Sintiri:
Ni ma yau na ji. Ka turo min sunan wanda ya yi ta bayan fage. Sandar kuma gobe da kaina zan kai ta ruga.

Alhaji Na Fatakwal:
Ina gaida kowa da kowa. Ni da nake zaune a kudu shekara 22 ina so ku ji ta bakina. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 'yan arewa suna hanyar komawa Kano yin sallah daga nan Fatakwal, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. 'Yan sintirin garin ne suka tare su, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su aka ƙona. Akwai mutanen Bunkure a cikinsu. Ranar ba wanda ya buɗe shago a cikinmu, kowa yana kiran gida. Su ma mutanen can da za ka tambaye su cewa za su yi an dame su da sace mutane, hukuma ba ta komai. Irin maganar da muke yi a nan ce sak. Duk lokacin da na ji an ce "ai ɓarawo ne, a buge shi", waɗannan bayin Allah nake tunawa, domin wanda yake ihun ba ya tsayawa tambaya.

Ni zan ɗauki nauyin tocila 6 masu caji da rigunan ruwa kafin damina. Amma da sharaɗi: a rubuta ƙa'ida, kowane ɗan sintiri ya sa hannu ko ya dangwala a gaban mai unguwa.

Maman Fa'iza:
Allah ya jiƙansu. Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ni dai ina da tambaya ɗaya da ba wanda ya taɓo. Yaron nan ba cin awakin yake ba. Wa yake saya? Akuya ba allura ba ce da za a sa a aljihu. Akwai wanda yake karɓa da asuba ya yanka kafin gari ya waye, ko ya ɗora a babur zuwa Dambatta ranar Lahadi. Shi yana kwance a gidansa da mutuncinsa, ana gaishe shi a masallaci, ɗan talaka ne a jikin bishiya.

Baba Saje Mai Ritaya:
'Yata, kin fi mu duka hangen nesa. Mai karɓar kayan sata laifinsa a doka yake, kuma shi ne uwar ɓarayi. Da an bi yaron nan a hankali a gaban mai unguwa da babansa, da tuni ya faɗi suna. Wanda ake duka duk sunan da ya zo bakinsa faɗa yake don a ƙyale shi, har na wanda bai ji ba bai gani ba. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, kuma yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kai. A yi magana da Sarkin Fawa: duk dabbar da za a yanka a gari a san mai ita.

Ɗan Acaɓa:
Maganar mai saye na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a faɗi lissafin kuɗin sintiri ma. Gida nawa ne suke biya? In gida 120 ne, naira 60,000 ke nan duk wata. Ya aka yi tocila 3 ce kawai?

Shugaban 'Yan Sintiri:
Ba ni nake riƙe kuɗi ba, amma na san waɗanda suke biya a kai a kai ba su kai gida 50 ba. Wasu masu hali ma cewa suke su suna da katanga da ƙofar ƙarfe. Abin da ya shigo yana tafiya a batir, shayi da burodi, da maganin wanda ya ji ciwo. Duk da haka na goyi bayan a karanta lissafi a fili, don ni ma zargin ya ishe ni.

Malamin Islamiyya:
Salamu alaikum. A taƙaice zan yi. Tsaron dare aiki ne mai lada, kuma dukiyar Maman Fa'iza haramun ce ga wanda ya ɗauka kamar yadda jinin yaron yake haramun ga wanda ya zubar. Malamanmu na fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa zartar da haddi da ta'aziri aikin shugaba ne ko alƙalin da ya naɗa, bayan shaidu ko iƙirari ba tare da tilas ba. Ba na ɗaiɗaikun mutane ba ne komai fushinsu. Zan roƙi Liman ya taɓo wannan a huɗubar Juma'a, tare da maganar iyaye da suke barin yara a dandali har ƙarfe 12.

Ɗalibin Shari'a:
Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, duk da horo da albashi da doka a bayansu, kuma duk da haka ana samun koke a kansu. Mu da ba mu da ko ɗaya daga ciki mun fi buƙatar ƙa'ida. Idan an yarda zan rubuta shafi ɗaya da Hausa: ba duka, ba ɗauri tamau, wanda aka kama da dare a kai shi zauren mai unguwa a kira waliyyinsa, da safe mai kaya da shaidu biyu da kayan su tafi ofis tare. A kuma kai sunayen 'yan sintiri ga dagaci da DPO.

Ɗan Ruga:
A ƙara da mutum biyu daga ruga a cikin sintirin. Ni ne na farko in za a karɓe ni.

Wakilin Mai Unguwa:
Assalamu alaikum. Na karanta wa Mai Unguwa duk abin da aka rubuta, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya ce a sanar da kowa taro ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidansa. Ma'aji ya zo da littafi. An aika wa Ardo da Sarkin Fawa da mahaifin yaron. Ya ce mata su turo wakilai biyu, kuma Maman Fa'iza tana ciki. Kuɗin maganin yaron za a tattauna a wurin.

Ɗan Acaɓa:
Zan zo, amma in faɗa tun yanzu: ban yarda a taɓa kuɗin sintiri a biya wa ɓarawo magani ba alhali ba a biya Inna awakinta ba.

Maman Fa'iza:
Kai dai ka zo a yi maganar a can. Na leƙa uwar yaron ɗazu, ko ɗaga kai ta kasa yi ta dube ni. Yatsunsa biyu har yanzu ba ya jin su.

Shugaban 'Yan Sintiri:
Juma'a saura kwana biyu, mu kuma yau ma za mu fita. Wakili, a tambayar mana Mai Unguwa: in mun kama wani cikin daren nan, mu buga masa ƙofa ko da ƙarfe nawa ne?

Wakilin Mai Unguwa:
Ya ce ku buga. Mabuɗin zauren yana hannuna, ɗakina ne na farko a hannun dama.